Igiyar Tumba

Ni na riƙe ƙofar yamma a Birnin Marke
shekarar da Rima ta janye da wuri.
Yau haƙora uku suka rage mini,
amma ƙidayar kwanakin nan ba ta zube ba.

Maigidanmu Jatau ya ƙi kai gandu.
Ya sallami manzon sarki da taikin ƙaiƙayi,
ya ce abin da gona ta bari ke nan.
Mun yi dariya a zaure.
Dariyar ba ta ga sabon wata ba.

Da aka ce runduna ta ƙetare mashaya
sai ya ɗaura sirdi da tsakar dare,
wai zai nemo gudummawa daga Adar.
Ya bar doki gurgu, da maza sittin da ɗaya,
ya bar mabuɗi a hannun Tumba.

Tumba ba doguwa ba ce.
Muryarta ma sai ka matso.
Ba ta tambayi kibau ba, rumbuna ta tambaya.
Ta kafa tsani ta leƙa kowanne,
ta zauna tana ƙulla igiya,
ƙulli guda, kwana guda.
Saba'in da huɗu igiyar ta ɗauka.
Kowace asuba ta kwance ɗaya.

Ta sa aka cika gwalalo da sarƙaƙiya.
Ta tara taɓare gida gida,
ta naɗa musu rawani, ta jera bisa ganuwa;
da almuru sai ka rantse mayaƙa ne.
Amyoyin Ɗan Ila goma sha biyu
muka toshe, muka ɗora bisa ƙofa.
Ranar da suka jingina tsani
ba mu harba kibiya ko ɗaya ba.
Zuma ta yi harbin,
har da ni, ga kunnen nan.

Sai rani ya shigo ba ta ƙofa ba.
Rijiyar masallaci ta koma laka.
Muka ci dokin gurgu, muka dafa fatar.
Yara tara muka binne bayan marina,
ita ta wanke biyu da hannunta.
Kowane dare takan hau inda nake:
"Bagudu, ka hangi wuta daga arewa?"
"Sai taurari, ranki ya daɗe."
"To."
Shi ke nan abin da take cewa. To.

Wanta na cikin masu kewaye mu.
Ya zo gindin ganuwa yana kira:
"Mijinki shina Adar shina shan nono,
ke kina tsaron bango!"
Ta duƙo ta ce,
"Ba bango nika tsaro ba. Da mutane ciki."

Da ƙulli uku suka rage
na same ta gaban fitila tana ƙara wasu.
Ta dube ni. Na dubi rufi.

Da safe ta ce in buɗe ƙaramar ƙofa.
Ta fita ita kaɗai, ba mayafi mai kyau,
ta shimfiɗa igiyar gaban shugaban yaƙi:
"Ga hatsinmu. Ku nawa ya rage muku?"
Hadari na tasowa gabas,
rabin rundunarsa manoma ne,
idonsu na can.

Ta ba da birni, ta karɓi mutane.
Ba a yanke hannu ba, ba a kai kowa kasuwa ba.
Kwana bakwai aka ba ta ta tattara.
A na biyu ta hau jaki ta yi arewa,
ba ta waiwayi ƙofata ba.
Ko ta same shi, ban sani ba.

Yanzu maroƙa in sun sha fura
sai su wasa Jatau, namijin da ya ƙi gandu.
Ni ba na musu, ba ni da haƙoran musu.

Igiyar tana cikin jakata.
Uku na gaskiya, arba'in na ƙarya.
Ko a duhu ina gane su da yatsa:
na ƙaryar sun fi ɗauruwa.